Me Ke Rufe Idon Zuciya Ga Bishara?

Darasin wannan wata. Wurin karatu: 2 Korantiyawa 4:1-6, Yahaya 3:16-21, Yahaya sura 9.

Akwai tambayar da takan taso kusan duk lokacin da muka zauna da ma'aikatanmu na karkara, bayan an gama lissafin rijiyoyi da taki da rancen ƙungiyoyin mata. Wani zai ce, shekara da shekaru muna shiga ƙauye kaza, an ga aikinmu, an ji wa'azi, amma mutumin da ya fi kowa ba mu hannu wajen haƙa rijiya, da an ambaci sunan Yesu sai ya kau da kai. Wata mama kuma za ta ce ai ita nata ba a ƙauye yake ba, a ɗakinta yake. Yaron da ta riƙa goyawa zuwa sujada, wanda ya haddace ayoyi a makarantar Lahadi, yau ba ya ko son ji. Me ke kawo haka?

Da yawanmu mukan yi saurin cewa rashin ilimi ne, ko an yi wa mutum sammu, ko mai wa'azin ne bai iya ba. Manzo Bulus bai ce haka ba. Ya zauna a Koranti, babban birnin ciniki na ƙasar Girka, shekara ɗaya da wata shida (Ayyukan Manzanni 18:11), wajen shekara ta 50 zuwa 52, yana ɗinkin tanti yana koyarwa. Mutanen da ya yi wa magana ba jahilai ba ne, shi ma ba ɗan koyo ba ne. Duk da haka waɗansu suka gaskata, waɗansu suka ƙi. Da ya zo bayyana dalili a wasiƙarsa ta biyu, sai ya ce bishara ba ta da aibi, akwai dai wanda ya makantar da hankalin marasa bangaskiya don kada su ga ɗaukakar Almasihu. Ya kira shi allahn wannan zamani, wato Shaiɗan.

Duk wanda ya taɓa raka tsoho mai yanar ido zuwa asibiti zai gane wannan. Rana tana tsaka, amma baba yana lalube. Laifin ba na rana ba ne. Ko ka kunna masa fitila goma ba zai ga hanya ba, sai likita ya cire yanar.

Amma mu yi hankali a nan, domin mun iya ɗora wa Shaiɗan kowane kaya mu wanke hannunmu. Littafi Mai Tsarki bai bar mu mu yi haka ba. A Yahaya 3:19-20 Yesu ya nuna cewa haske ya riga ya zo, mutane ne suka zaɓi duhu domin ba su so a tona ayyukansu. Ashe ba rashin gani kaɗai ba ne, akwai ƙin gani. Ɗan kasuwan da yake awo da mudu biyu, na saye daban na sayarwa daban, ya san abin da tuba za ta ci masa. A Yahaya 12:42-43 kuma an ce har cikin shugabanni akwai waɗanda suka gaskata amma suka yi shiru, gudun kada a kore su daga majami'a, gama yabon mutane ya fi musu daɗi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun san nauyin “me dangi za su ce”, bai kuwa kamata mu raina wanda yake ɗauke da wannan nauyi ba.

Taurin zuciya ba ya zuwa rana ɗaya. Afisawa 4:17-19 ya nuna yadda yake tafiya har mutum ya daina jin zafin zunubi, kamar kanta a hannun manomi. Ranar farko fartanya takan ji masa ciwo, kafin ƙarshen damina ko ƙaya ba ya ji.

Akwai kuma wani sashe mai wuya da ba za mu tsallake ba. Waɗansu ayoyi sun ce Allah da kansa ne ya taurare zuciya, kamar Ishaya 6:9-10 wanda Yahaya ya maimaita. A duba labarin Fir'auna da kyau. A Fitowa 8:15 da 8:32 shi ne ya taurare zuciyarsa, a 9:12 kuma aka ce Ubangiji ne ya taurare ta. A Romawa sura 1, sau uku Bulus ya ce Allah ya sallama mutane ga abin da suka nace a kai. A fahimtarmu, wannan hukunci ne a kan wanda ya daɗe yana ƙi, ba wai Allah ya sami mai neman gaskiya ya rufe masa ido ba. Ba mu ce mun warware dukan asirin ba.

Iyayenmu a bangaskiya ma sun sha muhawara a kai. Wani malami ɗan Birtaniya mai suna Felajiyus ya koyar cewa mutum yana da ikon zaɓar nagarta da kansa. Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya ce a'a, zunubin Adamu ya lalata nufin mutum har ba ya iya juyowa sai alherin Allah ya fara aiki. Taron ikilisiya na Kartej a shekara ta 418 ya ƙi koyarwar Felajiyus. Daga baya mabiyan Kalbin da na Arminiyus suka rabu a kan ko mutum yana iya ƙin wannan alheri, batun da aka zauna a kai a taron Dort a ƙasar Holan daga 1618 zuwa 1619. Har yau muna da ikilisiyoyi masu gadon Kalbin da masu gadon John Wesley, waɗanda suka fi kusa da Arminiyus, muna kuwa aiki tare. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne makaho ba ya yi wa kansa aikin ido. Lidiya mai sayar da tufafin shunayya ta saurari Bulus a bakin kogi a Filibi, amma Ubangiji ne ya buɗe zuciyarta (Ayyukan Manzanni 16:14).

To, ina wannan ya taɓa aikinmu? Idan makanta ce, buhun masara ba ya warkar da ita. Duk ma'aikacin da ya ɗaura taimako a kan sharaɗin sai an zo coci, zai sami mutane a benci, zukatansu kuwa suna inda suke, ya kuma koya musu cewa bishara abin ciniki ce. Bulus ya ce shi ya rabu da hanyoyin ɓoye da wayo (2 Korantiyawa 4:2). Rijiya ta kowa ce, maganin ma na kowa ne. Haka nan tsawa da zagi daga bagade ba sa buɗe ido. Namu shi ne mu faɗi gaskiya a fili, mu yi addu'a da sunan mutum ɗaya ɗaya, mu ci gaba da gaishe shi ko ya ƙi.

Wani abu kuma, tun da muna aiki da makafi na jiki: kada wannan darasi ya zama dalilin ɓata musu rai. A Yahaya 9 almajirai sun tambaya ko zunubin wa ya sa aka haifi mutumin makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. A ƙarshen surar, shi ne ya gane Almasihu. Farisiyawa masu ido biyu da ilimin Attaura su ne suka rage a duhu, domin sun nace cewa suna gani.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ikilisiyar Lawudikiya, a ƙasar Turkiyya ta yau, ba ta marasa bi ba ce. Garin ya yi suna da dukiya da baƙin ulu da maganin ido. Da girgizar ƙasa ta rushe shi wajen shekara ta 60, mutanensa suka sake gina shi da kuɗinsu ba tare da taimakon Roma ba, irin dogaro da kai da muke koyarwa a tarurrukanmu. Su ne kuwa Ubangiji ya ce musu makafi ne ba su sani ba, ya shawarce su su zo wurinsa neman maganin ido (Wahayin Yahaya 3:17-18).

Kafin zamanmu na gaba, kowane rukuni ya karanta Markus 8:22-26, labarin makahon Betsaida. A lura da su wa suka kawo shi, da sau nawa Yesu ya ɗora masa hannu kafin ya gani sosai. Sa'an nan a karanta aya ta 18 da ta 33 na wannan sura, a ga su wane ne Yesu yake wa magana a can.