Nazari: Yadda Aka Raba Tallafin Annobar Korona Ga Manoman Amurka

Gundumar Sioux da ke jihar Ayowa ta Amurka ta yi suna wajen kiwon shanu da aladu da noman masara. A watan Afrilu na 2020, annobar korona ta tilasta rufe manyan mayankan da ke yankin, ciki har da ta kamfanin Smithfield a garin Sioux Falls, da ta JBS a Worthington. Dabbobin da suka isa yanka suka rasa mai saye, farashi ya faɗi, alhali kuwa kuɗin ciyar da su bai tsaya ba. Masara ma ta karye, domin zaman gida ya rage shan mai, matatun da ke sarrafa ta zuwa makamashi suka rage aiki.

A ranar 17 ga Afrilu, 2020, Ma'aikatar Aikin Gona ta ƙasar, ƙarƙashin Sonny Perdue, ta bayyana shirin agaji mai suna CFAP na dala miliyan dubu 19. An keɓe miliyan dubu 16 don biyan manoma kai tsaye, miliyan dubu 3 kuma don sayen amfanin gona a raba wa mabukata. An fara karɓar takardun neman tallafi ran 26 ga Mayu a ofisoshin hukumar kula da manoma da ke gundumomi.

Ba a yi rabon da ka ba. Sai hajar da farashinta ya faɗi da kashi 5 cikin ɗari ko fiye, ko wadda rushewar kasuwa ta jawo wa asara, ta cancanta. An biya dala 214 kan kowane ƙosasshen sa da aka sayar tsakanin 15 ga Janairu da 15 ga Afrilu, da dala 33 kan kowane san da ke garke bayan nan. Ke nan makiyayin da ya sayar da 100, ya rage 100, yana da dala 24,700. Kashi 80 cikin ɗari, wato dala 19,760, aka fara ba shi, ragowar ta biyo baya. Iyakar abin da mutum ɗaya zai karɓa dala 250,000 ne.

Darasi biyu ke nan ga ɗan kasuwa. Na farko, tallafi ya bi yawan haja ne, don haka manyan gonaki suka fi ƙanana samu, abin da ya jawo wa shirin suka. Na biyu, an buƙaci manomi ya adana shaidar ciniki da ƙidayar garkensa saboda bincike. Wanda ke rubuta saye da sayarwarsa tun kasuwa tana lafiya, shi ke da hujjar nuna asararsa ranar da ta karye.