Gubar Cuta a Jini: Me Ya Sa Awa ta Farko Take da Muhimmanci?

Mai karatu, da yawa daga cikin majinyatan da ake kwantarwa a ɗakin kulawa ta musamman, da ɗan zazzaɓi ciwonsu ya faro. Wani daga ciwon huhu ne, wani daga miki ko ciwon mafitsara, wata kuma bayan haihuwa ko ɓari. Idan ƙwayoyin cuta suka yi ƙarfi, jiki yakan tashi yaƙi da su har ya wuce gona da iri, ya shiga lalata ƙoda, huhu da ƙwaƙwalwa. Wannan shi likitoci ke kira sefsis. Wani bincike da aka buga a 2020 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2017 kaɗai ya kama mutum miliyan 49 a duniya, miliyan 11 suka rasu.

Yaya ake gane shi?

A 2016 masana sun fitar da alamomi uku da ake dubawa a jikin babban mutum wanda ake zargin ƙwayar cuta ta kama shi:

1. Numfashi sau 22 ko fiye a minti ɗaya.
2. Awon jini na sama ya sauka zuwa 100 ko ƙasa.
3. Rikicewar hankali, sambatu ko barcin da ba a saba gani ba.

Biyu daga ciki sun isa a ce akwai haɗari. Sai dai rashinsu ba ya nufin lafiya lau, shi ya sa muke haɗawa da awon zafin jiki, bugun zuciya, yawan fitsari da gwajin jini. Ke kuma mai jego, cikin kwana 42 bayan haihuwa, zazzaɓi da rawar ɗari, ciwon mara mai tsanani, ko jinin biƙi mai wari, ba gajiyar haihuwa ba ce, kuma wankan jego ba ya maganinsu.

Me bincike ya nuna game da lokaci?

A 2006 an buga nazarin majinyata fiye da 2,000 a asibitocin Kanada da Amurka waɗanda sefsis ya karya musu awon jini. Waɗanda suka sami maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya dace cikin awa ta farko, kimanin 80 cikin 100 sun rayu. Daga nan zuwa awa shida, kowace awa ta jinkiri ta rage damar rayuwa da kusan kashi 8 cikin 100. Don haka ƙa'idar jinyar sefsis ta 2021 ta ce a fara wannan magani cikin awa ɗaya ga wanda jininsa ya faɗi. Idan kun ga mun ɗebi jini muna gaggawar yin allura ba tare da jiran sakamako ba, dalilin ke nan.

Ƙarin ruwa fa?

Mutanenmu sun ɗauki ƙarin ruwa tamkar maganin kowace cuta. A 2011 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a kan yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani a Yuganda, Kenya da Tanzaniya. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri, fiye da 10 cikin 100 sun rasu cikin kwana biyu, waɗanda ba a ɗura wa ba kuwa kimanin 7 ne. Ba a sa yara masu gudawa a gwajin ba, su ruwa ne ceton ransu. Darasin shi ne, ruwa ma magani ne mai ma'auni, ba a ɗaura shi a gida ko a kemis.

Abin da ake so ku yi

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da zarar kun ga waɗannan alamomi, ku kawo majinyaci asibiti, ko da tsakar dare ne. Ku zo da kwalayen magungunan da ya sha, har da na gargajiya. Ku gaya mana ranar da ciwon ya fara, da lokacin da ya yi fitsari na ƙarshe. Idan an kwantar da shi, ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa shi, ku kuma taƙaita masu zuwa dubiya. Kada ku ji nauyin tambayar likita ko nas: shin wannan sefsis ne?