Babi na Tara: Wa Zai Riƙe Jariri Idan Uwa Ta Koma Aiki?

Wata malama tana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Zariya. Allah ya ba ta ɗa namiji. An yi suna, ta gama wankan jego, an yi arba'in. Sai hutun haihuwa ya fara ƙarewa. Mijinta direba ne, tun asuba yake fita.

Wata rana da dare ta ce masa, "Maigida, saura mako biyu in koma aiki. A hannun wa za mu bar yaron nan?"

Ya ce, "Ai ga Inna. Ko kuma a kawo mana yarinya daga ƙauye."

Ta ce, "Mu zauna mu yi shawara tukuna. Jariri ba ya magana. In an cuce shi, ba zai faɗa mana ba."

Gaskiya ta faɗa. Wannan shawara ta shafi malama da nas da mai ɗinki da mai zuwa kasuwa da mai zuwa gona.

A fara sanin hakki

A Najeriya, dokar ƙwadago ta ba mai haihuwa hutun mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta. Dokar ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana, ta shayar da ɗanta a lokacin aiki. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya tana samun aƙalla mako 16. A 2019 gwamnatin Jihar Kaduna ta mayar da hutun ma'aikatanta mata wata shida. A Nijar, hutun mako 14 ne. Uwa ta tambayi hakkinta tun tana da ciki, kada ta koma aiki kafin lokacinta ya cika.

Hanyoyi uku

Ta farko ita ce 'yan uwa: kaka, ko gwaggo, ko abokiyar zama. Suna ƙaunar yaron, kuma ba baƙi ba ne. Amma a duba ƙarfin kaka. Tana gani sosai? Za ta iya goyo? Za ta iya kai shi asibiti da gaggawa?

Ta biyu ita ce 'yar raino. A nan a yi hattara. Yarinya 'yar shekara tara ko goma ita ma raino take bukata. Wasa zai ɗauke mata hankali, ta ajiye jariri kusa da murhu ko bakin rijiya. Ga kuma alhakin raba ta da makaranta. In za a ɗauki mai raino, a ɗauki babbar mace mai hankali, wadda aka san gidansu da mutanenta. A yanka mata albashi, a riƙa biyanta a kan lokaci, a ba ta abinci da hutu. Wadda aka mutunta ita ke mutunta ɗan mutane.

Ta uku ita ce gidan raino, inda ake biyan kuɗi a ajiye yara. Gani ya kori ji. Iyaye su je da kansu, ba tare da sun sanar ba. Su ƙirga jarirai, su ƙirga masu raino. Mace ɗaya ba za ta iya da jarirai goma ba. Su duba ko akwai ruwa da sabulu, ko iska na shiga ɗakin, ko akwai gidan sauro. Su lura: in jariri ya yi kuka, ana ɗaukarsa, ko ana barinsa? Gidan da ya hana iyaye shiga ciki, a bar shi.

Maganar nono

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawarar a ba jariri nonon uwa zalla har wata shida. Ba ruwa, ba koko, ba jiƙo. Ko da zafin bazara, ruwan da ke cikin nono ya ishe shi. Ruwan randa ko na rijiya yana iya kawo masa gudawa, kuma yana cika masa ciki ya rage tsotso.

To, yaya mai aiki za ta yi? Ta wanke hannu da sabulu, ta tatsa nono a kofi mai tsabta mai murfi. A ajiye shi a wuri mai sanyi, a ba jariri kafin awa huɗu su wuce. In akwai firij mai aiki ba yankewa, yana kai kwana huɗu. Ba a tafasa shi. A ɗora kofin cikin ruwan ɗumi kawai. A ba shi da ƙaramin kofi ko cokali, domin bulumboti yana da wuyar wankewa.

Yadda ake magana da manya

Nan ne wahalar take. Malamar nan ta zaɓi uwar mijinta, amma ta san Inna ta saba ba jarirai ruwa da zuma. Kunya ba za ta bar suruka ta gyara wa uwar miji ba. Sai ta roƙi mijin ya yi maganar.

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, ke kika raine mu, ba mai koya miki raino. Sai dai a asibiti sun ce kada a ba shi komai sai nono har wata shida, zuma kuwa sai ya shekara. Ranar rigakafi ki raka su, ki ji da kunnenki."

Inna ta je, ta ji daga bakin nas. Da ta dawo, ita ce ke hana maƙwabta ɗura wa jikanta ruwa. Uba yana da rabo babba a wannan aiki. Abin da suruka ba za ta iya faɗa ba, ɗa zai faɗa cikin ladabi.

Abin da kowace mai raino za ta sani

A kwantar da jariri rigingine, cikin gidan sauro. Kada a jijjiga shi da ƙarfi don ya yi shiru, yin haka na iya lalata masa ƙwaƙwalwa. Kada a ba shi maganin barci. A wanke hannu kafin a ba shi nono da bayan an yi masa tsarki. In ya ƙi shan nono, ko jikinsa ya yi zafi, ko yana numfashi da sauri, ko ya yi jijjiga, ko gudawa ta kama shi, a kai shi asibiti nan take, a kira iyaye a hanya.

Uwa ta fara barin jariri da mai raino mako guda kafin ta koma aiki, awa biyu yau, awa uku gobe, don su saba. Bayan ta koma, ta riƙa duba jikinsa kullum da yamma, ta kuma lura da fuskarsa idan ya ga mai rainonsa. Bakinsa bai iya magana ba, amma fuskarsa tana faɗa.

Tambayoyi

1. Mako nawa dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mai haihuwa?
2. Me ya sa bai kamata ƙaramar yarinya ta yi raino ita kaɗai ba?
3. Awa nawa nonon da aka tatsa yake yi in babu firij?
4. Faɗi alamomi uku da za su sa a kai jariri asibiti.

Aikin rubutu

Ɗauki takarda. Rubuta sunan jariri, da lambar wayar uwa da ta uba, da sunan asibitin da ya fi kusa da gidanku. Manna ta a bango, inda mai raino za ta gani.