Idan Mai Sikila Ya Ce Yana Jin Ciwo, a Yarda da Shi

Ni mai sikila ne, jinina SS. A hunturun bara, saura kwana uku jarrabawa, ciwon ya tashi mini cikin dare. Abokan ɗakina suka kai ni wani asibiti. Ina murƙususu a kan benci, ma'aikaciyar da ke bakin aiki ta dube ni ta ce, "Kai ma allurar ka zo nema ko?" Wallahi maganar nan ta fi ciwon ƙashin zafi. Sai da na kusa awa biyu kafin a ba ni magani.

Bari in yi muku bayanin abin da ke faruwa a jikinmu. Jan ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120. Tamu kuwa lanƙwashewa take yi kamar lauje, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, kuma tana toshe ƙananan hanyoyin jini. Inda jini bai kai ba, nan ciwo ke kamawa. Sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, zazzaɓin cizon sauro da wahala duk suna tayar da shi. Babu na'urar da ke auna wannan zafi, sai abin da mara lafiya ya faɗa. Shi ya sa a Ingila ƙa'ida ce a ba shi maganin ciwo cikin minti 30 da isowarsa.

To, in aka ƙaryata mutum sau ɗaya, sau biyu, sai ya daina zuwa asibiti. Ya koma kemis, ya sayi allurar pentazocine yana yi wa kansa, daga nan jarabar da ake zarginsa da ita ta kama shi da gaske. Wani kuma ciwon ƙirji ya sarƙe shi a ɗaki, alhali wannan yana cikin manyan abubuwan da ke kashe manya masu sikila. Ni kaina na yi wata huɗu ban leƙa asibiti ba.

Abin da ya dawo da ni shi ne wata likitar jini da ta tsaya ta saurare ni. Ta tambaye ni maganin da ya saba yi mini aiki, ta bayyana mini amfanin hydroxyurea da dalilin yawan gwajin jini, sannan ta rubuta mini takardar da nake nunawa duk inda ciwo ya same ni. Tun daga lokacin ban ƙara tsallake ranar ganin likita ba.

'Yan uwana masu sikila, ku riƙe asibiti ɗaya inda fayil ɗinku yake, ku riƙa yawo da takardarku, ku sanar da asibitin makaranta tun kuna lafiya. Abokan ɗaki, in kun ga zazzaɓi, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, kada ku jira gari ya waye. Ku kai shi, ku tsaya a wurin, ku yi magana a madadinsa in ciwo ya hana shi.