Darasin Wannan Wata: Ziyarar Duwatsun Tarihi da Ladabin Baƙo

Manufar darasi: mu san wuraren tarihi da ke ƙasarmu, mu kuma koyi yadda baƙo yake shiga wurin da wasu suke girmamawa.

Gabatarwa

'Yan'uwa, bara da rani mun kai matasanmu na Sabon Gari, Wudil, su ga Dutsen Dala a birnin Kano. Muna isa sama sai wani yaronmu ya ɗauki ƙusa ya fara rubuta sunansa a jikin dutse. Wani dattijo da ke zaune a wurin ya ce, "'Ya'yana, dutsen nan ya girme kakan kakanku, ku bar shi yadda kuka same shi." Kunya ta kama mu. Laifin ba na yaron kaɗai ba ne. Mun tanadi mota da abinci, amma ba mu koya wa yaran darajar inda za mu ba.

Wurare uku da ya kamata mu sani

1. Dala. Tarihin Kano ya nuna a nan Barbushe yake kula da tsafin Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda wajen shekara ta 999. Masu bincike sun tono alamun narka tama a wurin, na wajen ƙarni na 7. Wato maƙera sun daɗe suna aiki a gindin Dala kafin Sarki Gijimasu ya fara gina ganuwa.

2. Birnin Kudu, Jihar Jigawa. Hanyar da ta ratsa garinmu ita ce take kai mutum can. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu na mutanen da, akwai kuma duwatsun da suke amo kamar ƙararrawa idan an buga su. Irin wannan zane, in hannu ya goge shi, babu mai maido shi.

3. Sukur, a tsaunukan Mandara, ƙaramar hukumar Madagali ta Jihar Adamawa. Akwai fadar Hidi, da gonaki hawa-hawa, da hanyoyin da aka shimfiɗa da duwatsu. A 1999 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Nijeriya. A 2014 'yan Boko Haram suka kai masa hari suka yi ɓarna.

Abin koyi daga ƙasar Butan

Butan ƙaramar ƙasa ce mai tsaunuka tsakanin Indiya da Sin, yawancin mutanenta mabiya addinin Buda ne. Suna da gidan ibada mai suna Taktsang, a maƙale jikin dutse, sama da mita 3,000 daga doron teku. An gina shi a 1692. Gobara ta cinye shi a 1998, suka sake gina shi, aka gama a 2005. Duk wanda ya hau, ko wane addini yake bi, sai ya sa tufafi masu rufe jiki, ya tuɓe takalmi, ya bar kyamara a ƙofa. A 2023 aka sa wa baƙi daga yawancin ƙasashen waje biyan dala 100 kowane dare, kuɗin kuma yana shiga ayyukan lafiya da ilimi da kula da muhalli.

Wani zai ce, me ya haɗa mu da wurin tsafi ko ɗakin ibadar wasu? Ziyarar neman sani dabam, bauta dabam. Wanda ya shiga gidan maƙwabci da sallama bai sauya gida ba, ya dai nuna tarbiyya.

Kafin mu sake tafiya

a. Mu zauna da matasa mu faɗa musu tarihin wurin.
b. Mu gaida mai unguwa ko masu kula da wurin, mu nemi izini.
c. Kada a yi rubutu ko a taɓa zane, kada a ɗauke ko tsakuwa.
d. Kowa ya dawo da ledarsa ta ruwa.
e. Mu sallami ɗan jagora da kyau, mu sayi abinci a hannun mutanen garin. Idan suna amfana da wurin, su ne za su tsare shi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane tsohon wuri ne a garinku na asali ya ɓace, kuma me ya ɓatar da shi?
2. Da ku ne dattijon nan na Dala, yaya za ku yi wa yaron faɗa?
3. Wa zai ɗauki nauyin koyar da yara kafin tafiyarmu ta Birnin Kudu?