Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Injiniya Ke Ɗari-ɗari da Dogon Ƙasan Bene?

Tambaya: Zan gina bene mai hawa huɗu, ƙasa shaguna, sama gidajen haya. Na ce a ɗaga ƙasan ya kai mita 4.5 don shagunan su sha iska, sauran hawan su tsaya a mita 3. Injiniya ya ce sai an ƙara kaurin ginshiƙai, an kuma zuba bangon kankare a wasu wurare. Birkilana kuwa ya ce a ƙara rodi kawai, magana ta ƙare. Wa zan bi? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Bi injiniya. Amma tunda daga aljihunka kuɗin zai fita, ga dalili.

Aiki biyu ginshiƙi yake yi. Yana ɗaukar nauyin da ke kansa ya kai ƙasa, yana kuma turjewa idan an tunkuɗi ginin daga gefe, ko iska ce ta tunkuɗa ko girgizar ƙasa. Birkilanka aikin farko yake kallo. Na biyun kuwa tauri yake nema, kuma tsawo shi ne babban mai cin tauri. Ka riƙe guntun karan dawa ka tura kansa, da ƙyar zai motsa. Dogo kuwa, ɗan yatsa ya isa ya lanƙwasa shi, alhali kara ɗaya ne.

Ragin ba kaɗan-kaɗan yake zuwa ba, domin sau uku ake buga tsawon a lissafi. Mita 4.5 ya ninka mita 3 sau ɗaya da rabi. Buga 1.5 sau 1.5 sau 1.5, za ka samu kusan 3.4. Wato idan kaurin ginshiƙan ɗaya ne, na shagunanka kusan kashi 30 cikin 100 na taurin na sama za su samu. Da ka kai mita 6, ɗaya bisa takwas zai rage. Ƙa'idar gini ta Amurka tana ɗaukar hawa a matsayin mai laushi da zarar taurinsa ya gaza kashi 70 cikin 100 na hawan da ke kansa. Ka ga nisan da ke tsakani.

Wannan ma ba a sa bulo a lissafi ba. Sama cike take da bangon ɗakuna, na kicin, na banɗaki, kowanne ya tokare tsakanin ginshiƙai. Ƙasa fa? Gilashi, ƙofofin ƙarfe, sai fili. Idan turi ya zo, saman yakan tafi a dunƙule, tangaɗin duka ya taru a ginshiƙan ƙasa, musamman wuyansu inda suka haɗu da bim, da gindinsu. Nan kankare ke fara tsagewa yana ɓarewa, rodi ya bayyana ya kumburo waje. Da ginshiƙi ya ɗan karkata kuma, nauyin hawa ukun da ke kansa ya daina sauka a tsaye, sai ya riƙa ƙara kwantar da shi.

An gani da ido. A girgizar San Fernando ta 1971 a Amurka, sabon ginin asibitin Olive View, wanda bangayen kankarensa suka tsaya a sama ba su sauko har ƙasa ba, ya goce fiye da rabin mita, dole aka rushe shi. A girgizar Bhuj ta 26 ga Janairu, 2001, benaye da dama sun zube a birnin Ahmadabad na Indiya, mai nisan fiye da kilomita 200 daga cibiyar girgizar, yawancinsu waɗanda aka bar ƙasansu fili don ajiye motoci. Shekara guda bayan nan ƙa'idar Indiya ta ce a tsara ginshiƙan irin wannan hawa su jure turin gefe ninki biyu da rabi. A Turkiyya ma, a 1999 da 2023, benaye masu shaguna a ƙasa sun durƙusa, wasu saman nasu na nan tsaye har da tagogi.

Za ka ce Kano ba ƙasar girgiza ba ce. Gaskiya ne, haɗarinmu bai kai nasu ba, ko da yake Mpape a Abuja ta ji motsin ƙasa a 2018. Amma guguwar farkon damina tana nan, haka ginshiƙin da kafinta ya kafa wa katako a ɗan karkace, da harsashin da ya nutse ta gefe guda. Hawa mai laushi ba ya yafe irin waɗannan kurakurai.

Ƙarin rodi yana ƙara ƙarfi, amma abin da yake ƙarawa a tauri bai taka kara ya karya ba. Kauri ne magani. Ginshiƙi mai santimita 30 kowane gefe, in aka mai da shi 40, taurinsa ya ninka fiye da sau uku, kusan abin da tsawon ya cinye ke nan. Wanda ya fi shi kuma shi ne bangon kankare mai rodi, daga harsashi har rufi ba yankewa. Akan kewaye matakala da shi, inda ba zai tare fuskar shago ba. Sai dai a raba shi ta tsawo da ta faɗi, kada a tara shi gefe ɗaya, ginin ya riƙa murɗawa. Zobban rodi kuma a matso da su kusa-kusa a wuya da gindin kowane ginshiƙi, nan ne ’yan aiki suka fi yin tsimi in ba a tsaya a kansu ba.

Saboda haka, Alhaji, ba sai ka fasa mita 4.5 ɗinka ba. Ka tabbatar injiniyan yana da rajista da hukumar kula da aikin injiniya, wato COREN, ka ce ya nuna maka a rubuce taurin hawan ƙasa da na samansa, kuma a gama wannan magana kafin a fara haƙa harsashi.