Ko Gwamnati Na Iya Hana Waɗanda Ba Su Zaɓe Ta Ba Ayyuka?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: shin da gaske ne gwamnati kan fifita yankunan da suka zaɓe ta, ta juya wa sauran baya?

To Malam, ana yi, kuma ƙasar Kenya ta ishe mu misali. A zaɓen shugaban ƙasa na 2022 William Ruto ya kayar da Raila Odinga da ƙyar, kashi 50 da ɗoriya cikin 100 a kan kusan kashi 49. A Fabrairun 2023 sai mataimakin Ruto, Rigathi Gachagua, ya fito fili ya kwatanta gwamnati da kamfani, wai masu hannun jari, wato waɗanda suka ba su ƙuri'a, su za a fara sallama wajen muƙamai da ayyuka. A ƙasar da ƙuri'a kan bi ƙabila, kowa ya san inda maganar ta dosa.

Galibi ba da sanarwa ake yi ba. Kwalta ce za ta tsaya cak a bakin iyakar wata gunduma, ko asibiti ya shekara ba magani.

Tsarin mulkin Kenya na 2010 ya rage wa abin ƙarfi, domin ya wajabta a ba gundumomi 47 aƙalla kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa, ko wa suka zaɓa. Shi kuwa Gachagua, majalisa ta tsige shi a Oktoban 2024, kuma raba kan ƙabilu na cikin laifukan da aka kama shi da su.